Daga maki 6 zuwa 7 a gwajin magana na IELTS: ta ina zan fara?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati, kuma ina neman rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya. Na zana jarrabawar Turanci ta IELTS, na samu abin da ake bukata a karatu da saurare da rubutu, amma a ɓangaren magana 6 na samu, alhali 7 ake nema. Da Turanci na yi karatu tun daga firamare, da shi nake rubuta rahoton marasa lafiya kullum, amma da na zauna gaban mai jarrabawa sai bakina ya mutu. Ina da kimanin wata uku kafin in sake zama. Wasu sun ce in haddace amsoshin da ake yawo da su a WhatsApp. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, Allah ya sa a dace. Zan fara da shawarar da aka ba ki, domin ita ta fi gaggawa: ki ajiye waɗannan amsoshin hadda, kada ki ɓata ko mako guda a kansu, zan kuma kawo dalili nan gaba kaɗan. Abin da kika bayyana kuwa, na bakin da ke mutuwa alhali kai cike yake da Turanci, shi ne kukan mafi yawan waɗanda nake shiryawa domin wannan jarrabawa, kuma ba ya nuna ƙarancin ilimi. Wanda ya ci 7 a karatu da saurare, kalmomin da za su kai shi 7 a magana suna nan a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne Turancinmu na ido ne da hannu. Mun karanta shi, mun rubuta shi, mun ci jarrabawa da shi, amma hirar gida da ta kasuwa, har da ta ɗakin marasa lafiya, da Hausa ake yin ta, kuma babu laifi a cikin hakan. Hatta takardar da WAEC ke kira gwajin Turancin baka, a Najeriya ba da baki ake amsa ta ba, ɗalibi yana zaɓen amsa ne bakinsa a rufe. Shi ya sa mutum zai gama sakandare, ya gama makarantar koyon jinya, bai taɓa yin magana da Turanci ta minti biyu cur shi kaɗai ba. Aikin wata ukun da ke gabanki shi ne ki sauko da abin da ke kanki zuwa kan harshenki, kuma aiki ne na kowace rana, da murya a sarari.

Da yake kin taɓa zama, tsarin gwajin ba baƙo ba ne a wurinki, sai dai zan maimaita shi a gurguje domin kowane kashi da abin da yake nema. Tsawonsa minti 11 zuwa 14 ne, da mutum ake yin sa ko da a kwamfuta aka amsa sauran takardun, kuma ana naɗar muryarku daga farko har ƙarshe. Kashi na farko yana ɗaukar minti 4 zuwa 5, tambayoyi ne a kan rayuwarki ta yau da kullum, irin su gida da aiki da abinci da yanayi. A kashi na biyu za a ba ki kati mai ɗauke da batu guda, da fensir da takarda, a ba ki minti ɗaya na shiri, sannan ki yi magana ke kaɗai har zuwa minti biyu. Kashi na uku shi ma minti 4 zuwa 5 ne, tattaunawa ce mai zurfi a kan abin da ya shafi batun katin, amma ta fuskar jama'a baki ɗaya.

Ma'auni huɗu mai jarrabawa yake amfani da su, kuma nauyinsu ɗaya: kwararar magana da haɗuwar ma'anarta, yalwar kalmomi da dacewarsu, yalwar nahawu da ingancinsa, sai furuci. Masu jarrabawar, wato British Council da IDP ta Ostireliya da Cambridge, sun wallafa bayanin kowane mataki a shafin IELTS na intanet kyauta, kuma ina roƙonki ki buga layin mataki na 6 da na 7 a takarda ki manna inda za ki riƙa gani. In kika karanta su da natsuwa za ki ga tazarar ba ta kai yadda ake tsorata ta ba. Mai 6 yana da niyyar yin doguwar magana, amma maimaici da inda-inda da gyaran kai sukan tsinke masa zare, kuma yakan yi kuskure sosai in ya shiga jumla mai sarƙaƙiya. Mai 7 yana yin doguwar magana ba tare da an ga yana shan wahala ba, yana iya kewaya kalmar da ta ɓace masa ya faɗi ma'anarta ta wata hanya, kuma yana yawan fitar da jumloli marasa kuskure, ko da yake kuskure bai rabu da shi gaba ɗaya ba. Ki lura da wannan na ƙarshe da kyau, domin mutane da yawa suna zaton sai wanda ba ya kuskure ke samun 7, sai tsoron kuskure ya ɗaure musu harshe, su yi asarar makin kwarara wanda ya fi sauƙin samu. Haka kuma babu ma'aunin ra'ayi a cikin huɗun nan. Ba a ba da maki domin kin faɗi abin da mai jarrabawa yake so, ba a kuma rage miki domin kin saɓa masa.

Yanzu ga batun hadda. Masu jarrabawa an horar da su a kan gane amsar da aka haddace, kuma ganewar ba ta da wuya. Muryar mai hadda takan miƙe ba hawa ba sauka, saurinta ya ƙaru, idanunsa su tafi neman layin da ke gaba, kalmomin su yi girman da bai dace da sauran maganarsa ba. Da mai jarrabawa ya ji haka, ba zai ɗauki wannan yanki a matsayin shaidar iyawarki ba, kuma a kashi na uku yana da damar bin amsarki da tambayar da babu ita a cikin abin da kika haddace. A nan ne ake faɗuwa mummunar faɗuwa, domin wadda ta zubo jumloli masu ƙyalli a minti na shida sai ga ta tana kame-kame a minti na goma, bambancin ya fito fili. Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa: wata ukun da aka kashe ana hadda, an kashe shi ne ba a koya wa baki ƙirƙirar jumla nan take ba, alhali wannan ƙirƙirar ita ce abin da ake gwadawa. Abin da ya halatta ki tanada shi ne labarai. Ki zaɓi mutane da wurare da abubuwan da suka faru a rayuwarki, ki saba ba da labarinsu da Turanci, kowane karo da kalmomin da suka zo miki a lokacin.

Akwai wani abu da littattafan shirin jarrabawa ba sa faɗa, domin ba don mu aka rubuta su ba. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa a gaban babba ko baƙo, musamman ga mace, ladabi shi ne a sassauta murya, a sunkuyar da kai, a taƙaita amsa. Kunya da kawaici ado ne a gida, kuma ba na cewa ki yar da su. Amma a wannan ɗaki gajeriyar amsa tana hana mai jarrabawa abin da zai auna, domin ba zai ba da maki a kan Turancin da bai ji ba. A ce ya tambaye ki, “Do you enjoy cooking?” Idan kika ce “Yes, I do” kika yi shiru, kin amsa daidai amma ba ki ba shi komai ba. Ki kwatanta da wannan: “Yes, I do, especially at weekends. During the week I come home too tired, so I just warm whatever is in the fridge, but on Saturdays I take my time and cook something my children like.” Babu kalma ko ɗaya mai wuya a ciki, amma akwai amsa, akwai dalili, akwai bambanta lokaci da lokaci, kuma jumlolin sun riƙe juna. Tsawon da ake so a kashi na farko ke nan, jumla biyu zuwa uku, ba lacca ba. Kallon ido ba ya cikin ma'auni, amma ɗaga kai yana buɗe murya, murya kuwa dole ta kai ga kunnensa da na'urar da ke naɗa.

Kashi na biyu shi ya fi kayar da mutane, don haka a nan nake so ki fi daɗewa. Mu ɗauka katin ya ce ki bayyana wani mutum da ya taɓa taimakonki, ki faɗi ko wane ne, yadda kika san shi, abin da ya yi miki, da dalilin da ya sa taimakon ya yi miki tasiri. Kuskuren da aka fi yi a mintin shiri shi ne a fara rubuta cikakkiyar jumla, minti ya ƙare ana kan layi na biyu. Kalmomi za ki rubuta, shida ko bakwai, a jere daga sama zuwa ƙasa, alal misali: babbar nas, shekarar farko, aikin dare, yaro mai zazzaɓi, na ruɗe, ta tsaya tare da ni, yadda nake yi wa sababbi yanzu. Da Turanci za ki rubuta su, ba shakka. Ki duba wannan jeri, za ki ga labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma labari ba ya ƙarewa da wuri kamar yadda jerin siffofi ke ƙarewa. Wadda ta ce matar kirki ce, mai haƙuri ce, mai taimako ce, cikin daƙiƙa talatin ta gama, sai ta zauna tana kallon mai jarrabawa. Wadda ta shiga daren da abin ya faru kuwa, ta faɗi yadda ɗakin yake, da abin da uwar yaron ta ce, da abin da ita kanta ta ji a ranta, sai mai jarrabawa ya tsayar da ita tana tsaka da magana, kuma tsayarwar nan alama ce ta cewa ta cika lokacinta. Idan kika ji zance zai ƙare alhali da sauran lokaci, ƙofofi uku suna buɗe kullum: yadda abin yake a da da yadda yake yanzu, yadda kika ji, da abin da kike sa ran zai faru nan gaba. Kowace ƙofa tana jawo wani lokaci dabam na nahawu, wanda shi ma maki ne. Idan katin ya zo da abin da ba ki taɓa yi ba, ki ɗauko mafi kusa da shi, ki faɗa a jumla ɗaya cewa wannan ne ya fi kusa, ki ci gaba.

A kashi na uku ana barin “ni” a koma “mutane”. Daga labarin babbar nas sai a tambaye ki ko mutanen birni sun rage taimakon juna, ko a makaranta ya kamata a koyar da taimako ko a gida. Ki faɗi ra'ayinki kai tsaye a jumlar farko, ki kawo dalili, ki kawo misali daga ƙasarki, in da hali ki taɓo abin da masu ɗaya ra'ayin za su ce. Idan ba ki fahimci tambaya ba, a wannan kashi kina da damar roƙonsa ya sake fasalinta, kuma hakan ya fi amsa abin da ba a tambaya ba. A kashi na farko kuwa maimaita tambayar kawai zai yi.

To, mene ne aikin kullum? Wayarki ta ishe ki makaranta. Ki ware sa'a guda, in ba ta samu a haɗe ba ki raba ta biyu, rabi bayan sallar asuba, rabi da dare. Ki ɗauki kati ɗaya, ki saita agogo, ki yi shirin minti ɗaya, ki yi magana minti biyu kina naɗa. Sannan ki saurara, wanda shi ne ɓangaren da kowa ke gudu, domin babu mai son jin muryarsa tana tuntuɓe. Sau biyu a mako ki zauna ki rubuta duk abin da kika faɗa kalma da kalma, har da “eh” da “um” da wuraren da kika koma baya. Idonki ya fi kunnenki ƙwarewa a Turanci, saboda haka kuskuren da ya wuce ki a baki, a takarda za ki cafke shi nan da nan. Ki gyara, ki ajiye takardar, ki sake ba da labarin ba tare da kallonta ba, sannan ki sake a karo na uku kina ƙoƙarin faɗin abu ɗaya cikin lokacin da ya fi gajarta. Maimaita batu ɗaya sau uku ya fi taɓa sababbin batutuwa uku amfani, domin a karo na farko hankali yana neman abin faɗa, a na biyu yana neman kalmomi, sai a na uku harshe yake sakewa. Kada ki goge naɗin makon farko. Ranar da gwiwa ta yi sanyi, ki saurare shi tare da na wannan mako.

Rabin sa'a na biyu na kunne ne da kwaikwayo, kuma hanyar ba sabuwa ba ce a wurinki. A makarantar allo malam yakan biya, ɗalibi ya maimaita da murya, malam ya gyara mafitar harafi, a sake, har baki ya faɗa. Haka za ki yi da Turanci. Ki samu gajeren shiri mai rubutaccen abin da aka faɗa, kamar 6 Minute English na BBC Learning English, ki ɗauki minti ɗaya kacal daga ciki, ki saurari jumla, ki tsayar, ki maimaita kina bin hawa da saukar muryar da wuraren da mai magana ya numfasa. Bayan kwana biyu ki gwada bin sa a tare, kina bayansa da rabin numfashi. Kallon fim na sa'a biyu baki a rufe ba ya yin abin da wannan minti ɗaya yake yi.

Game da furuci, ki kwantar da hankalinki a kan abu ɗaya: ba a neman ki koma magana kamar 'yar Landan. Karin harshenki ba laifi ba ne matuƙar ana fahimtarki ba tare da wahala ba, kuma masu ƙaƙalo karin da ba nasu ba sukan ƙare da maganar da ba ta fita. Wuraren da Bahaushe ke samun tangarɗa sanannu ne, kuma kaɗan ne. Na farko shi ne “p” da “f”, domin Hausa ba ta bambanta su, shi ya sa “pull” da “full”, ko “pill” da “fill”, suke fita iri ɗaya. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinki: wajen “p” leɓɓa biyu suna haɗuwa su buɗe da iskar da za ta kaɗa takardar, wajen “f” kuwa haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa iska ta zurara. Haka “v” take, haƙori a kan leɓe amma da murya, domin kada “vein” ta koma “bane” ko “vote” ta koma “boat”. Kalmomin aikinki sun ishe ki atisaye: “patient”, “fever”, “pain”, “visit”. Na biyu shi ne baƙaƙe masu cunkushewa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muka mayar da “bread” burodi, muka mayar da “primary” firamare, kuma wannan ɗabi'a ta cusa wasali tana bin mu cikin “street” da “school” da “problem”. A ƙarshen kalma kuma sai mu yar da baƙin, kuma wannan ya fi tsada, domin idan “worked” ta fita a matsayin “work”, mai jarrabawa zai ji kuskuren nahawu ne bayan na furuci. Na uku, wanda a ganina ya fi sauran tasiri, shi ne nauyin gaɓa. Hausa tana aiki da karin sauti da tsawon wasali, kowace gaɓa tana fita cikakkiya, Turanci kuwa yana danna gaɓa ɗaya ya sassauta sauran. A “comfortable” da “hospital” gaɓar farko ce ke ɗaukar nauyi, a “photographer” ta biyu ce. Duk sabuwar kalma, ki saurare ta a ƙamus na intanet mai murya, kamar na Cambridge, kafin ki fara amfani da ita. Sautin “th” ki gyara shi in da lokaci, amma kada ya cinye miki mako. Kina kuma da abin da ya ba ki fifiko: kunnen da ya saba bambanta dogon wasali da gajere a Hausa ba ya shan wahala wajen raba “live” da “leave”, ko “full” da “fool”.

A nahawu kada ki koma littafi daga shafin farko. Rubutun naɗinki zai nuna miki kurakurai uku ko huɗu da kike maimaitawa, su za ki bi. Ina iya hasashen wasunsu. Akwai “My mother she is a trader”, wanda ya samo asali daga Hausa, inda wakilin suna ke biyo bayan suna dole, kamar a “mahaifiyata tana kasuwanci”. Akwai zamewa daga lokacin da ya wuce zuwa na yanzu a tsakiyar labari, domin mu a gaban aikatau muke nuna lokaci, na tafi, ina tafiya, zan tafi, shi kuwa Turanci jikin aikatau yake sauyawa, sai baki ya manta bayan jumla ta uku. Akwai jam'in da Turanci bai yarda da shi ba, irin su “advices” da “informations” da “equipments”, da kuma “I am having two children” a maimakon “I have”. Ki ɗauki kuskure ɗaya a mako, ki sa masa ido shi kaɗai. A ɗaya gefen kuma, mataki na 7 yana son jin jumloli masu rassa, kuma ba sai an yi nisa ba wajen samo su: “because”, “although”, “which”, “when”, da jumlar sharaɗi irin “If I had more time, I would go back to school” sun wadatar idan suna fita da sauƙi.

Kalmomi kuwa, a nan al'adar dogon Turanci take cutar da mu. Mun taso muna jin cewa gwani shi ne mai jefo kalmar da sai an buɗe ƙamus, amma mai jarrabawa dacewa yake nema. Kalmar da aka ɗora inda ba wurinta ba tana rage maki, haka ma karin maganar Turawa da aka cusa da ƙarfi domin an ji ana cewa yana kawo 7. Abin da ya fi amfani shi ne kalmomin da ke tafiya tare a bakin masu harshen, kamar “heavy traffic” a maimakon “go-slow”, da “power cut” a maimakon “they took light”, da “turn off the light” a maimakon “off the light”. Turancin Najeriya yana da hurumi a gida, amma a wannan ɗaki ki zaɓi wanda mutumin Kanada ko na Indiya zai gane. Abubuwanmu na gida kuma dama ce a gare ki. Idan aka tambaye ki abincin da kika fi so, ki ce tuwo, sannan ki bayyana shi: “a thick, smooth dish made from rice or maize flour, which we eat with soup”. Idan bikin gari aka tambaya, hawan sallah ya ishe ki minti biyu, da dawakai da adonsu da mahaya da ke zuwa gaishe da sarki. Wannan bayyanawa ita ce ainihin kewaya kalma da mataki na 7 yake yabawa, kuma babu wanda zai ce haddace ta kika yi daga intanet.

Naɗa kai kaɗai ba ya maye gurbin mutum. Ki nemi abokiyar aiki mai irin burinki, ku yi alkawarin minti goma sha biyar na Turanci zalla a kowace rana, ko ta waya ce, ɗaya ta zama mai jarrabawa, ta riƙe agogo, ta ɗaure fuska, ta katse ɗaya idan lokaci ya cika. Za a yi muku tsiya a wurin aiki, a ce kun zama Turawa, ki bar su su yi. A ƙarshen kowane wata ki samu wanda ya san ma'aunan nan huɗu, malami ko wanda ya ci 8, ya yi miki cikakken gwaji, gara ma ya kasance wanda ba ki saba da shi ba, domin bakin da ya mutu a gaban baƙo sai a gaban baƙo yake farfaɗowa. Zan kuma faɗa miki gaskiya: ɗaga maki guda cur a wata uku abu ne mai yiwuwa ga mai tushe irin naki, amma sai da aikin kullum. Idan gwajin ƙarshen wata na biyu ya nuna har yanzu kina kan 6, ɗage ranar ya fi, domin kuɗin rajista ba ƙanƙane ba ne.

Akwai hanyoyi biyu da ya kamata ki auna kafin ki biya kuɗi. Ta farko ita ce damar sake zana ɓangare ɗaya kawai, wadda IELTS ta tanada ga wanda ya zana a kwamfuta, cikin kwana 60 daga ranar jarrabawarsa, a cibiyoyin da ke bayar da ita. Ki duba shafin hukumar da kike neman rajista da ita domin tabbatar da sharuɗɗanta na yanzu, saboda akan sabunta su. Ta biyu ita ce OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, wadda hukumar ta Birtaniya take karɓa, inda ake neman matakin B a magana. Gwajin maganarta wasan kwaikwayo ne guda biyu, kowanne kimanin minti biyar bayan shirin minti uku, ke a matsayin nas, wanda ke gabanki a matsayin majiyyaci ko ɗan'uwansa, kuma bayan harshe ana duba yadda kike sauraro da kwantar da hankali da bayani. Ga wadda ta fi sakewa idan ana zancen hawan jini da shan magani a kan lokaci, wannan na iya fi mata daɗi, sai dai tunda kin riga kin ci uku a IELTS, ki yi lissafi da kyau kafin ki koma farawa da sabon tsari. Neman a sake duba sakamako, wanda ake shigarwa cikin mako shida daga ranar jarrabawa, ban ga amfaninsa gare ki ba, domin tazarar maki guda ce kuma ke da kanki kin ce bakinki ya mutu.

Ranar jarrabawa ki tafi da takardar shaidar da kika yi rajista da ita, ki isa da wuri, kuma kada jumlarki ta farko ta Turanci a ranar ta zama wadda za ki faɗa wa mai jarrabawa. Ki kira abokiyar atisayenki a hanya ku yi hira ta minti ashirin, baki ya ɗumama. A cikin ɗaki ba za a yi doguwar gaisuwa ba, zai tabbatar da sunanki ya shiga tambayoyi, kuma fuskarsa ba za ta nuna miki ko kina ci ko kina faɗuwa ba, domin haka aka umarce shi. Idan ya katse ki, agogo yake bi. Idan kika ji kin yi kuskure, ki gyara sau ɗaya a gurguje in gyaran ya zo, in bai zo ba ki wuce, domin komawa baya sau uku a kan jumla ɗaya ya fi kuskuren kansa ɓarna. Idan tambaya ta zo miki a ba-zata, “I've never really thought about that, but I suppose” ta fi shiru, muddin ba ki mayar da ita waƙa ba. Makin kuma a kan zaman gaba ɗaya ake bayar da shi, saboda haka ko kin yi tuntuɓe a tambayoyin farko, ki numfasa ki shiga katin da cikakkiyar murya, domin minti bakwai ko fiye suna nan a gabanki.